Mai hawa tudun Jos da ƙarfin hannu zai iya tseren dusar ƙanƙara?

Dan_Gangare: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, don Allah kada a ɗauke ta da wasa. Jiya da dare ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Mutane ne a kan dusar ƙanƙara, kowa zaune cikin 'yar kujera da aka ɗora kan wasu sillaye biyu dogaye, sanda biyu a hannu, suna caka ƙasa suna tura kansu gaba. Tsere suke yi, har da hawan tudu. Wasu ba su da ƙafafu, wasu ƙafafun a shanye suke kamar nawa. Na kalle shi ya fi sau goma.

Ni shan inna ta kama ni ina shekara uku. Tun ina ɗan 12 nake tuƙa keken hannu a garin nan, yanzu shekarata 29. Duk wanda ya san Jos ya san ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne, kullum sai na hau tudu na gangara, da kayan sayarwata a baya. Da na ga yadda kafaɗun mutanen nan ke aiki, wallahi sai na ga kaina. To mutumin Jos zai iya shiga wannan wasa? Ko kuwa na waɗanda Allah ya ba dusar ƙanƙara ne kawai?

Abu_Fatima_Bukuru: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara ƙarfi. Amma gaskiya ɗaya ce, a ina za ka samu dusar ƙanƙarar? Ka nemi abin da ake yi a nan.

Sadiq_Farin_Gada: Ai ana ƙanƙara a Jos. Ko daminar da ta wuce sai da ta zubo, ta lalata wa mutane kabeji da tumatir.

Malama_Rayfield: Sadiq, wannan daban. Tamu ƙanƙara ce mai ƙwaya, ta faɗo kamar tsakuwa ta narke cikin 'yan mintuna. Tasu gari ce lallausa, tana taruwa ta rufe ƙasa wata da watanni. Ba a zamiya a kan tamu.

Dan_Gangare, abin da ka gani tseren zamiya ne na dogon zango na masu nakasa. Yana cikin wasannin Paralympics na hunturu tun karon farko, a 1976 a garin Örnsköldsvik na ƙasar Suwidin. Rukuni uku ne: masu yi a tsaye, masu yi a zaune, sai masu larurar gani. Naka bidiyon na masu zama ne. Akwai gajeren tsere na wajen kilomita ɗaya, akwai mai kaiwa kilomita 20. Kuma ka saurari wannan da kyau: wata 'yar Norway mai suna Ragnhild Myklebust, ita ma shan inna ce ta kama ta, ta ci lambobi 27 a wasannin hunturu tsakanin 1988 da 2002, guda 22 na zinare. Ke nan larurarka ba ta hana ka ba, an san da ita a wasan.

Dan_Gangare: Allahu akbar. Malama, shan inna kika ce? Irin tawa?

Malama_Rayfield: Ita dai. Sai dai kafin kowa ya shiga gasa akwai ƙwararru da ke gwada shi su saka shi a ajinsa. Masu zama daga LW10 ne zuwa LW12. Abin da ake dubawa shi ne yawan ikon da mutum yake da shi a kan ƙugunsa da cikinsa. Wanda lakarsa ta samu matsala daga sama, ba ya iya riƙe gangar jikinsa sosai, yana LW10. Wanda cikinsa da bayansa ke aiki lafiya, ƙafafu ne kawai, yana LW12.

Sadiq_Farin_Gada: To ai an cuci na farkon in tare za su yi tsere.

Malama_Rayfield: An yi wa wannan dabara. Kowane aji yana da kasonsa, da shi ake lissafa lokacin mutum. A ce kasonka 90 ne cikin 100, ka gama a minti 10, sai a rubuta maka minti 9. Wanda kasonsa 100 ne kuwa lokacinsa na nan yadda yake. Shi ya sa wani lokaci wanda ya fi kowa saurin gaske ba shi ke ɗaukar zinare ba. Su kansu 'yan wasan suna yawan muhawara a kan ko kason ya yi adalci.

Abu_Fatima_Bukuru: Duk na ji, Malama. Amma tambayata tana nan. Norway ai a cikin dusar ƙanƙara ake haihuwarsu. A nuna mini baƙar fata ɗaya daga ƙasa mai zafi da ya yi wannan wasa.

Bajoshe_a_Turai: Yaya Abu, akwai. Tun a waccan gasa ta 1976 wani makaho ɗan Yuganda, Tofiri Kibuuka, ya yi wannan tsere da sunan ƙasarsa, ya kuma komawa a 1980 a Geilo. Shi ne ɗan Afirka na farko a wasannin hunturu na masu nakasa. Amma don kada in ɓoye maka komai, a Norway yake zaune lokacin, daga baya ma ya zama ɗan ƙasar.

Misalin da ya fi kama da namu Birazil ce. Su ma ba su da filin zamiya. Wani yaro Cristian Ribera ya je gasar PyeongChang a Koriya ta Kudu a 2018 yana ɗan shekara 15, a rukunin masu zama, ya zo na shida a tseren kilomita 15. Akwai kuma Aline Rocha, da ta yi tseren keken guragu a Rio 2016, bayan shekara biyu ta bayyana a kan dusar ƙanƙara. Yawancin atisayensu a kan kwalta suke yi. Ana cire sillayen zamiyar a sa wasu gajeru masu ƙananan tayoyi, a canja bakin sanda zuwa ƙarfe mai kama kwalta. Ni da idona nake ganin wannan a inda nake karatu. Da bazara, in dusar ta narke, za ka ga manya da yara a gefen titi suna turawa da sanduna. 'Yan wasan ƙasashen sanyin ma kusan rabin shekara a kan taya suke yi.

Sannan kada mu raina Jos. Garin yana kan tsayin wajen mita 1,200 daga teku, ga tuddai. Masu wasannin juriya kuɗi suke kashewa su je su yi atisaye a wuri mai tsayi.

Dan_Gangare: Ƙanena, wannan magana ta tayoyi ita nake nema. Ke nan ba sai na ga dusar ba kafin in fara.

Bajoshe_a_Turai: Farawa kam ba sai ka gan ta ba. Amma gasa dole sai ka je inda take. Yadda sili ke zamewa a dusa daban yake da yadda taya ke gudu a kwalta, musamman wajen shan kwana. Mai zama ba ya da ƙafar da zai taka ya juya, da nauyin jiki da sanda yake karkata kujerar. Kuma akwai sanyin da ko muku-mukun Pankshin bai kama ƙafarsa ba.

Koci_Mai_Karfe: Bari in shigo, don shekara 16 ke nan ina horar da masu ɗaga ƙarfe, cikinsu har da masu shan inna. Dan_Gangare, ba zan kashe maka gwiwa ba, amma zan gaya maka abin da zan gaya wa ɗan cikina. Najeriya tana da ƙofa a buɗe, ita ce ɗaga nauyi. A Rio 2016 mun ci zinare 8, mafi yawa daga nan suka fito. A Faris 2024 lambobi 7 muka samu, biyu na zinare, dukkan zinaren na masu ɗaga nauyi ne. Folashade Oluwafemiayo, da ta ɗaga kilo 167 ta kafa tarihin duniya a can, a nan Jos aka haife ta. Benci ɗaya, sandar ƙarfe ɗaya, faranti, shi ke nan kayan aikin. Akwai masu horarwa, akwai gasar cikin gida, akwai hanyar da wasu suka bi suka isa.

Wancan wasan fa? Har zuwa gasar Beijing 2022 Najeriya ba ta taɓa tura ko mutum ɗaya wasannin hunturu na masu nakasa ba. Wa zai yi maka rajista da hukumar duniya? Wa zai biya kuɗin jirgi zuwa inda za a gwada ka a ba ka aji? Na taɓa kai yarana uku wani ofis neman kuɗin mota kawai zuwa gasa a cikin ƙasar nan. Sau biyar muna zuwa, ofishin a bene yake, ni nake goya su ɗaya bayan ɗaya. Ba mu samu ko sisi ba, sai da na sayar da babur ɗina. Wannan a kan wasan da muke ciyo zinare ke nan.

Dan_Gangare: Koci, na gode, kuma na san don kana so na ka faɗa. Na gwada ɗaga ƙarfe wata huɗu. Ba raini ba ne, amma jikina bai karɓe shi ba. Ni ƙarfina na nisa ne. Zan iya tuƙi awa uku ban tsaya ba, amma a ce in kwanta in ɗaga abu sau ɗaya, ba nan nake ba.

Koci_Mai_Karfe: To wannan magana ce ta gaskiya, na karɓa. Mai juriya daban, mai ƙarfin lokaci ɗaya daban. In haka ne ka duba tseren keken guragu ko keken hannu na gasa. Aƙalla titi muna da shi.

Malama_Rayfield: Koci, ai hanyar ba ta rabu ba. Oksana Masters ta Amurka, wadda aka haifa a Yukren a 1989 da nakasar da ake alaƙantawa da hatsarin nukiliyar Chernobyl, aka yanke mata ƙafafu biyu, da tuƙin kwalekwale ta fara, ta ci tagulla a Landan 2012. Ta koma zamiya ta ci zinare a 2018. Ta hau keken hannu ta ci zinare biyu a Tokyo, ta ƙara biyu a Faris. Damtse ɗaya ne, huhu ɗaya ne. Wanda ya gina jikinsa a ɗaya bai yi asara a ɗayan ba.

Maman_Khalifa: Ni dai ina karantawa ina hawaye. Ɗana shekararsa 9, bai taɓa taka ƙasa ba. Duk abin da ake ce masa a unguwa shi ne Allah sarki. Yanzun nan na nemo bidiyon na nuna masa, ya ce Umma su ma ba sa tafiya? Na ce eh. Ya ce amma sun fi mota gudu. Ko ba wanda ya je ko'ina, a bar yaranmu su ga irin wannan.

Hajiya_Anguwan_Rogo: Allah ya raya mana Khalifa. Amma don Allah a daina cewa guragu da makafi a zauren nan. Masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu.

Baba_Gindiri: Hajiya, ki gafarce ni. Ni makaho ne, waya ce ke karanta mini saƙonninku. Shekarata 58, kuma kalmar makaho ba ta taɓa yi mini ciwo ba. Abin da ke yi mini ciwo kwalbatin da aka bari a buɗe ne. An sa hannu a dokar hana nuna mana wariya a Janairun 2019, aka ba gine-gine shekara biyar su gyara, shekarun sun cika, ku je ku ƙirga matakalar da ta canja. Wanda ya fi son sabon suna a kira shi da shi, hakkinsa ne. Ni a bar mini nawa.

Abin da ya sa na yi magana shi ne Malama ta ambaci rukunin masu larurar gani ta wuce. Yaya makaho ke tsere a daji cikin dusa? Wa ke riƙe masa sanda?

Malama_Rayfield: Baba, ba a riƙe sanda. Ɗan jagora ne ke gaba a kan nasa sillayen, yana magana, sau da yawa da 'yar lasifika ɗaure a ƙugunsa, yana cewa dama, hagu, tudu, gangara. Makahon na bin muryar. Waɗanda ba sa gani ko kaɗan ana sa musu baƙin tabarau mai toshe haske don kowa ya zama daidai. Idan suka ci, ɗan jagoran ma ana rataya masa lamba. Brian McKeever na Kanada, da ciwon ido na gado ya cinye masa tsakiyar gani, ya tara zinare 16 kafin ya ajiye bayan Beijing 2022, kuma yayansa Robin ne ya fara yi masa jagora.

Akwai ma wanda ake haɗawa da harbi. A yi tsere, a tsaya a kwanta a harbi abin bara daga mita 10. Bindigar makafi ba ta da harsashi, ta lantarki ce, ana sa abin ji a kunne. Yayin da bakin bindigar ke matsowa tsakiya sai ƙarar ta riƙa sirancewa. Da kunne ake saiti.

Baba_Gindiri: Tsaya, 'yata. Ɗan jagora ana ba shi lamba?

Na sa wayar ta maimaita mini wurin sau uku. Ku da kuke gani ba za ku san nauyin wannan ba. A wurinmu ɗan jagora yaro ne da aka cire daga makaranta, yana gaba da ƙoƙo, uban na baya. Ba wanda ke ganin aikinsa a matsayin gwaninta. Ni Allah ya taimake ni mahaifina ya kai ni makarantar makafi ta Gindiri, ban yi bara ba, amma ƙanwata ce ta riƙa kai ni tasha tana dawowa da ni shekara da shekaru. Ita ta koya mini yadda ake jin faɗin titi daga ƙarar mota. Ta iya faɗin kalma ɗaya a daidai lokacin da ƙafata ke buƙatarta, ba ta riga ba, ba ta makara ba. Wannan ilimi ne. Ta rasu ba wanda ya taɓa ce mata sannu a kansa sai ni. Ashe akwai inda ake tsayar da mutum irinta a kan dandamali.

Harbi da kunne kuwa, ku kawo bindigar Jos ku gani.

Hajiya_Anguwan_Rogo: Allah ya jiƙanta da rahama, Baba. Na janye maganata a kanka.

Abu_Fatima_Bukuru: Amin. Amma jama'a mu dawo ƙasa. Mutanenmu na neman keken da za su je kasuwa, mu muna maganar wasan Turawa. Kuɗin kujerar zamiya ɗaya zai sayi kekuna nawa? Ku je ku ga yadda ake cika a cibiyar Beautiful Gate ranar rabon keke. Ni a ganina wannan buri ne na wanda ya ƙoshi.

Dan_Gangare: Yaya Abu, ban ƙoshi ba. Katin waya da caja nake sayarwa. Amma tun ina yaro duk abin da na ce ina so sai a ce mini ka gode Allah ka samu keke. Na gode masa, kullum ina gode masa. Godiya ba ta hana ni son wani abu ba. Kai in ɗanka ya ce yana son ƙwallo, ce masa kake yi ya gode Allah yana da takalmi?

Abu_Fatima_Bukuru: Ban faɗa don in ɓata maka ba. Tsoro nake ji kada ka zuba 'yan kuɗinka da zuciyarka a abin da ba zai kai ko'ina ba.

Lawal_Skate: Ni ɗan ƙwallon guragu ne, shekara 11 ina bugawa. Lokacin da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro wasan a 1988, katakon da muke zama a kai mu tura da hannu ai na neman abinci ne a bakin titi. Shi ya ce a buga ƙwallo da shi. Yau jihohi suna haɗuwa a yi gasa. Ba daga Turai aka kawo mana ba, mu muka yi abinmu. Don haka ni ban ga laifin a fara tura kujera mai taya da sanduna a Jos ba, ko da ba wanda zai hau jirgi. In mun kai mu goma mun yi tsere tsakaninmu.

Kuma a tuna, 'yan matan da suka kai Najeriya wasannin Olympics na hunturu a 2018, su Seun Adigun, da keken katako suka fara atisaye a Amurka. A 2022 kuma Samuel Ikpefan ya yi wa Najeriya irin wannan tseren dogon zango a Beijing, a ɓangaren masu lafiyar ƙafa.

Koci_Mai_Karfe: Lawal, duk waɗanda ka lissafa a waje suka tashi. Adigun a Amurka, Ikpefan a Faransa. Suna da fasfo da filin atisaye a kusa. Ba daidai suke da mai sayar da kati a Gangare ba. Amma maganarka ta a fara a gida, wannan ina bayanta. In za a yi, ni zan riƙe agogo, zan kuma duba kafaɗunku. Turin sanda yana cin kafaɗa da gwiwar hannu, kuma ku hannun nan shi ne ƙafarku. Wanda ya ji masa rauni ya zauna a gida ke nan, ba kasuwa ba masallaci. Ba za a fara da tudu ba.

Injiniya_Dilimi: Tun ɗazu nake kallon hotunan kujerar. Ni walda nake yi, na ƙera keken guragu ya fi ɗari. Wannan ba ta fi ƙarfina ba. Firam ne na bututu, mazauni, da maɗaurin cinya da na ƙugu. Da bututu mara nauyi zan yi. Tayoyi zan nema na takalmin taya a gwanjo, boris kuwa akwai shi a kasuwa. Abin da ban gane ba biyu ne: tsayin mazaunin daga ƙasa, da yadda ake tsayawa. Ban ga burki a hoton ba.

Bajoshe_a_Turai: Injiniya, a kan dusa da sanduna da karkata jiki ake rage gudu. Na kan kwalta wasu suna da burkin hannu irin na keke, kuma naku lallai a sa masa. Hular kwano ma dole. Akwai doka a kan iyakar tsayin mazauni a gasa, zan tambayi masu kulob ɗin unguwarmu in turo maka da awon daidai, in kuma ɗauko hoton ƙasan kujerar. Sanduna ne za su ba ku wahala, don bakinsu ƙarfe ne mai tauri sosai, in ba haka ba sulɓewa yake a kwalta. Zan ga ko zan samu tsofaffi in taho da su in na zo hutu.

Sadiq_Farin_Gada: A wane titi za a yi? 'Yan Keke Napep ba za su bar ku ba.

Lawal_Skate: Asubar Lahadi, kafin gari ya tashi. Ko a nemi izini a harabar filin wasa na Rwang Pam. Koci ya san mutane.

Koci_Mai_Karfe: Zan tambaya, ban yi alkawari ba.

Maman_Khalifa: Injiniya, in ta yara za ta yiwu, a gaya mini kuɗin. Zan biya kaɗan-kaɗan.

Abu_Fatima_Bukuru: Ni har yanzu ban ga yadda za a tashi daga kwaltar Jos a isa wata ƙasar dusa ba. Amma Injiniya, kuɗin bututun farko a kaina.

Baba_Gindiri: Masu tsayawa fa? Wa zai yi mini jagora in an samu takalmin tayar? Ina son mai murya a sarari, wanda ba ya rikicewa tsakanin dama da hagu.

Dan_Gangare: Injiniya, na sa ƙanena ya auna ni da tef ɗin tela. Faɗin ƙuguna inci 13, daga ƙugu zuwa gwiwa inci 15, ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta da inci 2 kuma ba ta miƙewa. Gobe bayan la'asar kana shago?